Wai da gaske mata sun riƙe bindiga a yaƙin ƙwatar 'yanci, ko girki kawai suka yi?

Sadiq_ƘofarDoka:
Salam jama'a. Ina da tambaya kuma don Allah kar mata su taso min. Duk shekara in lokacin bikin 'yancin kai ya zo sai ka ga ana ta yaɗa hotuna wai mata sun yi jarumta a fagen fama wajen korar Turawan mulkin mallaka. Ni dai a iya sanina maza ne suka shiga daji aka yi ɓarin wuta da su, mata iyakarsu dafa abinci da jinyar waɗanda aka harba. Ba raini ba ne wlh, amma murhu daban fagen daga daban. In akwai wanda ya san mace ko ɗaya da ta tsaya gaba da gaba da sojan Turawa to ya kawo suna da ƙasa da shekara, ban da labarin ƙanzon kurege.

Zee_Kongo:
Kai Sadiq kana cikin Zariya kake wannan tambayar?? Sarauniya Amina fa? Ko ita ma tuwo ta tuƙa 😂

Bakano_Zalla:
To fa, an taɓo Zagezagi. Yanzu za a fara mana Amina Amina har asuba, ita kenan musu.

Malam_Habu_Tarihi:
Zee, Amina jaruma ce ba musu amma ba ita ce amsar Sadiq ba. A zamaninta Bature bai ma san hanyar ƙasar Hausa ba. Masana sun rabu kan lokacinta, wasu na kai ta ƙarni na 15 wasu na 16, Turawan Ingila kuwa sai 1902 suka shigo Zariya. Kuma yaƙinta na faɗaɗa ƙasa ne, ita ce mai zuwa ta ci garin wasu, ba ita ake mulka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce ta yi ta yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta rasu a Atagara. Bakano_Zalla ka karanta wannan wurin da kyau ko in maimaita?

Bakano_Zalla:
Allah ya gafarta Malam daidai nan sabis ɗina ya ɗauke, ban ga komai ba.

Ummu_Hanan_Samaru:
Yaya Sadiq suna da ƙasa da shekara ka ce ko? To bismillah. Aljeriya, yaƙinsu da Faransa daga 1 ga Nuwamba 1954 har 1962. Hasiba Ben Bu'ali, yarinya ce shekararta 19 kacal, a Oktoban 1957 sojan laima na Faransa suka kewaye gidan da suke ɓoye a tsohuwar unguwar Kasba ta birnin Aljiyas, ita da wani jagoran mayaƙa Ali La Pointe da wasu biyu, ɗaya ma yaro ne ƙarami. Aka ce su fito su miƙa wuya suka ƙi, aka sa nakiya aka tarwatsa gidan da su a ciki. Yanzu haka jami'ar garin Shalaf sunanta take ɗauke da shi. Sai Jamila Buhired, a Afrilun 1957 aka harbe ta aka kama ta da takardun FLN, ƙungiyar da ke jagorantar yaƙin 'yancin, aka gana mata azaba don ta faɗi inda shugabansu na Aljiyas Yasif Sa'adi yake, kotun soja ta yanke mata hukuncin kisa, sai da duniya ta yi caa a kan Faransa sannan aka mayar da shi ɗauri, ta fito 1962. Kuma matar nan da tsufanta a 2019 sai ga ta a titi cikin masu zanga-zangar da ta sa shugaban ƙasa Butafilika ya sauka. Akwai Malika Gaid, nas ce a asibitin mayaƙa da ke cikin kogo, 1957 aka kai musu hari ta ɗauki bindiga tana kare majinyatanta har aka kashe ta. Uku kenan, in ƙaro?

Sadiq_ƘofarDoka:
Ummu Hanan na gode, amma duba fa, ta ukun nas ce da kanki kika faɗa, dole ce ta sa ta ɗauki bindigar. Ta biyun takardu aka kama ta da su. Ni fagen daga nake nufi, a ja layi a yi ta musayar wuta.

Ummu_Hanan_Samaru:
Wane layi kuma? Yaƙin sari-ka-noƙe ne fa, ba wani fili da aka share aka ce nan ne fagen daga. A Aljiyas lungu ne fagen dagan, shingen binciken soja ne fagen dagan. Faransawa sun zagaye Kasba da waya mai ƙaya duk namijin da zai fita sai an laluba shi, matan ne ke fita da bindigogi da gurneti a ƙarƙashin farin mayafinsu da ake kira hayik, ko cikin kwandon cefane. Da sojan suka farga suka fara binciken masu lulluɓi sai wasu 'yan matan suka aje mayafin suka yi shigar Turawa suka riƙa wucewa ta gaban soja suna murmushi da kaya a jaka. Ka tsaya ka yi tunani, abin da zai iya tashi da kai yana rataye a kafaɗarka, soja na kallon idonka, in ka ɗan daburce shikenan.

Abu_Sumayya:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ba a so. Cikin waɗannan jakunkunan har da wadda wata 'yar FLN Zohra Drif ta ajiye a shagon shan madara da askirim ranar 30 ga Satumba 1956. Ba bariki ba ne, wurin da iyalai ke zuwa ne, mutane sun mutu, yara ƙanana sun rasa hannu da ƙafa. Ni wannan ba zan kira shi jarumta ba ko wa ya yi, mace ko namiji. Mu da muka ga abin da bam ya yi mana a arewa bai kamata mu tafa wa irin wannan ba.

Zee_Kongo:
Amma Malam Abu Sumayya ka manta abin da su Faransawan suka yi? Shekara 132 suna zaune a ƙasar mutane

Ummu_Hanan_Samaru:
Abu Sumayya maganarka tana da nauyi kuma ni ban kawo sunanta cikin ukun da na lissafa ba da gangan. Abin da zan ƙara kawai, kafin wannan a watan Agustan shekarar wasu Turawa 'yan kama-wuri-zauna masu tsattsauran ra'ayi sun dasa bam a wani layi cikin Kasba da daddare mutane na barci, gidaje suka rufta kan iyalai, mutane da dama suka mutu. FLN ta ce ramuwa ta yi. Ban ce hakan ya wanke kowa ba, yaron da ya rasa ƙafa ba ruwansa da wa ya fara. Har yau ana wannan gardamar a Faransa da Aljeriya.

Abu_Sumayya:
To alhamdulillah mun fahimci juna. Ta kogon nan da ta kare marasa lafiya, wannan kam Allah ya jiƙanta.

Malam_Habu_Tarihi:
Don adalci ga Sadiq, akwai alƙaluma. Wata tsohuwar mayaƙiya da ta zama malamar tarihi, Jamila Amran, ta bi rajistar ma'aikatar tsofaffin mayaƙan Aljeriya ta samu mata kusan 11,000 a ciki. Mafi yawansu nesa ba kusa ba matan ƙauye ne masu ba da masauki da abinci da kai saƙo. Waɗanda suka hau duwatsu da kaki 'yan kaɗan ne kuma akasarinsu jinya suka yi, masu kai hari a birni sun fi kowa ƙaranci. Daga ƙarshen 1957 ma shugabannin suka fara kwashe matan daga daji suna kai su Tunisiya da Maroko.

Sadiq_ƘofarDoka:
Yawwa Malam!! Allah ya ƙara girma. Ai kun ji, maganata ta fito, girki da jinya.

TsohonSoja_Chindit:
Yaro Sadiq zo nan. Ni na yi aikin soja na yi ritaya, na je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, ba a waya na ga yaƙi ba. Kai kana jin girki kana tuna kicin ɗin gidanku da risho. Girkin da ake magana shi ne mace ta dafa abinci a ƙauyen da soja ya kafa dokar duk wanda ya ciyar da 'yan daji a bakin ransa, ta ɗauka a ka cikin dare ta bi ta inda aka yi kwanton ɓauna, ba ta da ko wuƙa. Mai bindiga in an harbo shi zai rama, in ya ga ba dama ya noƙe cikin daji. Ita fa? Gari na wayewa tana nan a ƙauyen da 'ya'yanta, motar soja za ta zo a tara su a tambaye ta ina suke. Ta san inda suke. Ta ce ba ta sani ba. Ni na riƙe bindiga shekaru kuma ina gaya maka tsakani da Allah ban san ko zan iya wannan ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, sojan da ya kwana uku bai ci ba ko bindigar ba ya iya ɗagawa, mun gani da idonmu. Kuma mata masu harbi na gan su a can, wasu ba su wuce sa'ar jikata ba, duk da su nasu ba yaƙin 'yanci ba ne, yaƙin basasa ne kuma da yawa tilasta musu aka yi, abin ba daɗin tunawa.

Anti_Laure_TudunWada:
Baba soja Allah ya ƙara lafiya. Ka gama magana wlh.

Malam_Habu_Tarihi:
Abin da Baba ya faɗa su kansu Turawan sun tabbatar da shi a aikace. A Kenya lokacin tawayen Mau Mau daga 1954 Ingila ta kwashe 'yan ƙabilar Kikuyu fiye da miliyan ɗaya ta zuba su a ƙauyuka masu shinge da rami, mafi yawa mata da yara, dalilin kuwa a yanke hanyar da abinci ke bi ya shiga daji. Faransa ma haka ta yi a Aljeriya, mutanen karkara wajen miliyan biyu ta tattara a sansanoni. Da masu girkin nan ba komai ba ne da ba a kashe wannan uban kuɗi a kansu ba.

Hajiya_Mairo_Jidda:
Sallama daga Saudiyya, ni 'yar Tukur-Tukur ce aure ya kawo ni nan. Sadiq kai da kake son layi da musayar wuta, je ka Eritiriya. Shekara 30 suna yaƙi da Habasha, 1961 zuwa 1991, kuma a ƙungiyar mayaƙan 'yancinsu ta EPLF kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan mata ne. Ba masu ɗaukar kwano ba, masu kwana a ramukan yaƙi na duwatsun Nakfa, masu tuƙa tankar da aka ƙwace, wasu har suna jagorantar maza. Akwai wata dattijuwa 'yar can da muka yi maƙwabtaka da ita, mai sanyin magana, kullum tana gasa bunnu tana kiranmu shan gahawa, na daɗe ban san komai a kanta ba sai ranar da muke biki ta naɗe hannun riga za ta wanke tukunya na ga wani tabo tun daga gwiwar hannu har kafaɗa. Na ce Mama ƙuna ce? Ta yi dariya ta ce ɓaraguzan igwa ne. Tana 'yar makaranta ta gudu daga gida ta shiga daji, ta yi aski irin na maza, gajeren wando da takalmin roba. Ta ce abin da ya fi damunta a ramin ba harsashi ba ne, ƙwarƙwata ce da ƙishirwa.

Zee_Kongo:
Allahu akbar 😭 Hajiya don Allah ki gaishe ta

Hajiya_Mairo_Jidda:
Ta koma wajen ɗanta tuntuni Zee, mun rabu.

Sadiq_ƘofarDoka:
Hajiya wannan kam fagen daga ne. Amma Habasha ai ba Turawa ba ne, ni Turawa na ce.

Ɗan_PZ:
Haba Sadiq kana ta matsar da raga ana buga ƙwallo 😂 To ga na Turawa. Gini-Bisau, yaƙi da Fotugal. Titina Sila kwamanda ce a ƙungiyar 'yanci ta PAIGC a fagen arewa, sojan Fotugal suka yi mata kwanton ɓauna tana tsallaka kogin Farim ranar 30 ga Janairu 1973, tana kan hanyar zuwa jana'izar shugaban ƙungiyar Amilcar Cabral da aka kashe a Konakiri kwana goma kafin nan. Har yau 30 ga Janairu ce ranar mata a ƙasar. Mozambik, ƙungiyar 'yanci ta FRELIMO ta kafa rundunar mata zalla a 1967, Josina Machel na cikinta, ita ciwo ne ya kashe ta a Darussalam 7 ga Afrilu 1971 tana da shekara 25, ita ma ranar ta zama ranar matan ƙasar. Sannan Kenya, Muthoni wa Kirima, ta shiga daji da Mau Mau ta kai muƙamin Fil Mashal, ba ta fito ba sai 1963 da aka samu 'yanci. Gashin da ta tara a daji ta ƙi askewa ta ce ba ta ga 'yancin da suka yi wa yaƙi ba, sai 2022 aka aske mata, ta rasu 2023.

Bakano_Zalla:
Sama da shekara sittin ba aski ba kitso? Lallai wannan ta fi ƙarfin mai kitson unguwarmu

Ɗan_PZ:
Akwai kuma Joice Mujuru ta Zimbabuwe da aka ce ta harbo jirgi mai saukar ungulu a 1974

Malam_Habu_Tarihi:
Ɗan PZ a yi hattara da wannan. Shigarta daji gaskiya ne, ta zama kwamanda, daga baya ta yi mataimakiyar shugaban ƙasa 2004 zuwa 2014. Amma maganar jirgin ana gardama a kanta, da suka ɓata da Mugabe mutanen jam'iyyarta da kansu suka fito suka ce ba a yi ba, alhali da suna tare su ke yaɗawa. Siyasa ta shiga ciki, gara a tsaya kan waɗanda ba a ja.

Abu_Sumayya:
Ni fa har yanzu ina ganin fita yaƙi ba aikin mace ba ne a asali, ba a wajabta mata ba. Lalura ce ta kai waɗannan, kar yaranmu mata su karanta su ɗauka abin sha'awa ne.

Malama_Rabi_Gyallesu:
Malam Abu Sumayya ba a wajabta ba gaskiya ne, amma ai ba a ce ba su yi ba. Nusaiba bint Ka'ab, Ummu Ammara, ruwa ta je bayarwa a Uhudu, da aka watse aka bar Manzon Allah SAW da mutane kaɗan ta ɗauki takobi da garkuwa ta tsaya tana kare shi har aka sare ta a kafaɗa, daga baya a yaƙin Yamama ta rasa hannu. Safiyya gwaggon Annabi SAW a Handaƙ da turken tanti ta kashe ɗan leƙen asirin da ke zagaya gidan da mata suke. Ummu Sulaim da wuƙarta ta je Hunaini. Rufaida kuma tantin jinya ta kafa. Ka ga tun can abin a haɗe yake, mai ba da ruwa ita ce mai ɗaukar takobi in ta ɓaci, daidai da nas ɗin da Ummu Hanan ta kawo. Sadiq shi ne yake son ya raba su gida biyu.

Abu_Sumayya:
Malama ai kin ƙarfafa ni ne, "in ta ɓaci" kika ce. Lalura kenan.

Malama_Rabi_Gyallesu:
To Malam wanda aka mamaye ƙasarsa aka ƙwace gonarsa ai ta riga ta ɓaci.

Anti_Laure_TudunWada:
Ni duk kun tafi ƙasashen waje kun bar gida. Mu nan ba a yi yaƙin daji ba, a teburi aka karɓi 'yanci 1960, amma matan da suka sha wuya fa? Hajiya Gambo Sawaba a nan Sabon Gari ta tashi, tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU ta zama shugabar mata, ana cewa sau 16 aka ɗaure ta, an yi mata duka an aske mata kai, duk don ta ce mace ta yi zaɓe yarinya ta yi karatu kar a aurar da ita da ƙuruciya. Kuma matan arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, shekara 16 bayan tutar ta hau. Kakata Allah ya jiƙanta tana cikin matan da ke bin su taro, ta ce katin jam'iyya a cikin ƙullin daddawa take ɓoye shi don ba mai son ya kwance ya shinshina. An taɓa kama su aka kwana da su a tsare tana da goyo, da ta dawo kakanmu ya ce ta zaɓa ko shi ko siyasa, ta yi yaji wata biyu sai da ya je biko da kansa 😂 Yau yara na wucewa ta asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ba su san ko wace ce ba, wani ɗan maƙwabtanmu ce min ya yi wai matar wani gwamna ce.

Zee_Kongo:
Matar gwamna 😭😭 innalillahi. Anti kakarki ta burge ni

Ummu_Hanan_Samaru:
A ƙara da matan Aba na 1929. Jita-jitar za a sa wa mata haraji ce ta tayar da su daga garin Oloko, dubbai suka fito suka rufe kotunan gargajiya suka kori sarakunan da Bature ya naɗa, soja suka buɗe wuta aka kashe mata fiye da 50. Ba su da bindiga ko ɗaya, ganye da muciya suka riƙe. Turawa suka rubuta tarzoma, su matan can yaƙin mata suke kiransa.

Issoufou_Dogondutsi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ni mutumin Nijar ne ina karatu nan Samaru. Na yi mamaki har yanzu ba wanda ya ambaci Sarauniya Mangu, kuma Bahaushiya ce, ta Aznan Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar kusa da garinmu. A Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ke tafe tana ƙona garuruwa tana yanka mutane ta iso Lugu. Garuruwa da yawa sun buɗe ƙofa don tsoro, ita ta tara maharbanta da baka da kibiya aka gwabza. Faransawa sun shiga garin amma sun yi asarar mutane, ita da jama'arta suka janye cikin kurmi ba a kama ta ba. Bayan nan ne rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla, kuma a watan Yuli sojojinsu da kansu suka kashe Voulet da Chanoine. Mutanenmu na cewa asirinta ne ya bi su. Har yanzu akwai sarautar Sarauniya a Lugu. Sadiq ga mace, ga Bature, ga shekara.

Malam_Habu_Tarihi:
Madalla Issoufou. Sai dai ita da irin su Yaa Asantewaa ta Asante a ƙasar Gana ta yanzu a 1900 da Lalla Fatima Nsumer ta Aljeriya da aka kama 1857, yaƙin hana shigowa suka yi ko na farkon mamaya, ba na fitar da su ba. Amma jini ɗaya ne. Maganar asiri kuma na bar wa Malam Abu Sumayya.

Abu_Sumayya:
A'uzu billahi, Malam kar ka ja ni 😅 zaluncinsu ne ya ci su.

Hajiya_Mairo_Jidda:
Abin da ke ci min rai shi ne bayan yaƙin. Maƙwabciyar nan tawa ta ce da aka shiga babban birninsu Asmara 1991 an ɗauke su a kafaɗa, bayan 'yan shekaru da aka sallame su daga soja da yawa mazan da suka aura a daji suka sake su, dangin miji na cewa ba su iya ladabi ba, ba su da taushi, a nemo ta gida. Wadda ta jagoranci maza a rami ta dawo tana neman aikin wanke-wanke a ƙasar wasu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ummu_Hanan_Samaru:
Haka Aljeriya. 1984 aka yi dokar iyali, tsofaffin mayaƙa mata irin su Jamila Buhired da Zohra Drif suna cikin waɗanda suka yi ta adawa da ita tun tana daftari, suna cewa ba don wannan suka shiga kurkuku ba. Kuma akwai labarin da ya fi tsaya min daga Bangaladash, yaƙinsu da Pakistan na wata tara a 1971. Wata yarinyar ƙauye Taramon Bibi a matsayin kuku ta shiga sansanin mayaƙa, kwamandan ya koya mata harbi, ta riƙa shiga yankin abokan gaba kamar mahaukaciya tana leƙo asiri, ta kuma yi musayar wuta da su. 1973 gwamnati ta ba ta lambar jarumta ta Bir Protik, amma ba wanda ya je ya gaya mata. Tana ƙauye cikin talauci da ciwo sai 1995 wani mai bincike ya gano ta aka kai ta aka miƙa mata, shekara 22. Yaya Sadiq ka lura da yadda ta fara ko? Kuku.

Bakano_Zalla:
Ni tambayata ɗaya, cikinku mazan nan masu yabo wa zai iya auren sojar mace? Ga su nan ana yaye su a Defo kowace shekara a garinku, ku je ku nema mana mu gani

Ɗan_PZ:
Ni zan iya wlh in dai ba za ta sa ni tsallen kwaɗo ba in na dawo dare

TsohonSoja_Chindit:
Ku bar raina su. Tolulope Arotile yarinya ce ƙarama ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu ta yi ta fatattakar 'yan bindiga kafin ta rasu a Kaduna 2020. Ga Aisha Bakari Gombi maharbiya a Adamawa da ta jagoranci maza suka shiga daji bayan Boko Haram. Ku kuma kare ya yi haushi a layinku kun sa sakata.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan magana don Allah, batun aure a kai shi ranar Juma'a. Bakano gargaɗi na farko.

Sadiq_ƘofarDoka:
Toh na karanta duka. Eritiriya da Titina da Muthoni da Sarauniya Mangu na karɓa hannu biyu, dama suna na nema an kuma kawo. Amma inda nake har yanzu, alƙaluman da Malam Habu ya kawo ba wanda ya rushe su, mafi yawa ba su harba ko harsashi ɗaya ba. In an ce jaruman fagen fama a ware masu bindiga, sauran a kira su masu taimako, kowa da matsayinsa. In ba haka ba gobe duk wanda ya ba soja ruwa sai ya nemi fansho.

Malama_Rabi_Gyallesu:
Masu taimako wa? Kamar yaƙin na maza ne su kuma sun zo taya su aiki. Ƙasar ba tasu ba ce su ma?

Ummu_Hanan_Samaru:
Kuma daidai wannan rabon naka shi aka yi amfani da shi aka hana dubban matan ƙauye komai bayan yaƙi, don takardar shaida sai wani kwamanda ya sa hannu, su kuma ba su iya karatu ba balle cike fom. 11,000 ɗin nan waɗanda suka samu shiga rajista ne kawai.

TsohonSoja_Chindit:
Sadiq a bariki direban motar abinci da mai jinya duk kaki ɗaya muke sawa, fansho ɗaya muke bin layi, in nakiya ta tashi ba ta tambayar waye mai harbi.

Sadiq_ƘofarDoka:
Baba su ai an ɗauke su aiki ne suna da lamba. Ni matar ƙauyen da ta yi sau ɗaya ta daina nake nufi, ita ma daidai take da wadda ta shekara goma a ramin Nakfa?

Anti_Laure_TudunWada:
Sau ɗayan in an kama ta kashe ta za a yi ko rabin kashewa?

Issoufou_Dogondutsi:
Ni ina ganin Sadiq yana da 'yar gaskiya a nan, shekara goma da dare ɗaya ba ɗaya ba ne ko a wajen maza. Amma wa zai zauna ya auna, da wane mudu?

Zee_Kongo:
Ni dai har yanzu ban yafe cire Amina daga lissafi ba. Malam Habu ina da lakca ƙarfe biyu, in na fito zan dawo maka da maganar ganuwa